Abincin kaji mai furotin kashi 20: yadda ya yi wa kajina a lokacin zubar gashi

A jikin buhun an rubuta cewa na kajin da ke sauya gashi ne, furotin ɗinsa, wato sinadarin gina jiki, kashi 20 cikin ɗari, alhali abincin masu ƙwai da na saba ba su kashi 16 ne. Buhun ya ƙare, kajin sun mayar da gashinsu, don haka yanzu ina da bakin magana a kansa.

Hujjar masu yin sa tana da tushe. Da zarar yini ya fara gajarcewa, sanyi na ƙaratowa, kazar da ta kai kimanin wata 18 takan tsayar da ƙwai ta zubar da tsohon gashi. Sama da kashi 80 na gashin kaza furotin ne, kuma jikinta ba ya iya ɗaukar nauyin ƙwai da na sabon gashi a lokaci guda. Nawa daga kai da wuya suka faro, abin ya gangaro ƙirji da baya, fukafukai da jela suka zo daga ƙarshe. Zankonsu ya motse ya koɗe, suka rage kuzari. Kafin in sayi komai sai da na ɗaga fiffikensu na duba, na duba ƙarƙashin jela, don ƙuma da ƙwarƙwata ma suna sa kaza ta zama ƙwalƙwal, kuma babu abincin da ke maganin wannan.

Ban canza musu kai tsaye ba. Na riƙa gauraya shi da tsohon abincin kaɗan-kaɗan har suka saba, kuma sun karɓe shi ba gardama.

Inda na fi ganin aikinsa a jikin wata ja ce da ta tuɓe kusan gaba ɗaya. Bayanta ya koma fata zalla, sai ga tsiron sabon gashi ya fito tsini-tsini kamar ƙayar bushiya, kowanne cikin ɗan kwanso mai launin toka. Wannan tsiron akwai jini a cikinsa, shi ya sa ko hannu na kai kusa sai ta maƙure, ni kuwa na daina ɗaukarta sam. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne sauran kajin sun rage tsattsagarta da cin gashin da ya zube a ƙasa, halin da a bara ya hana ni sukuni. Da kwanson ya fashe, gashin ya fito cike, mai sheƙi, ba mai karyewa ba. A ganina ta rufe jiki da wuri fiye da bara, sanyi bai same ta tsirara ba.

Amma kada wani ya saya da tunanin ƙwai zai dawo. Bai dawo ba, kuma bai kamata ya dawo ba. Sauya gashi yakan ɗauki mako 8 zuwa 12, wasu kajin har 16, kuma kaza na buƙatar hasken awa 14 zuwa 16 a rana kafin ta yi ƙwai sosai. Na san masu kunna musu fitila a akurki don su matsa musu. Ni ban yarda da wannan ba. Kazar da ke gina gashi hutu take bukata.

Aibinsa biyu na gani. Kalsiyam ɗinsa, wato sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon ƙwai, bai kai na abincin masu ƙwai ba, kuma 'yan matasan kajin da ba su shiga zubar gashi ba sun fara yin ƙwai mai ɓawo sakayau, sai da na ajiye musu garin ɓawon kawa, wata halittar ruwa da ɓawonta ke cike da kalsiyam, a mazubi daban. Ya kamata a ce an rubuta wannan ɓaro-ɓaro a jikin buhun. Na biyu, kashinsu ya ƙara wari da danshi, sun ƙara shan ruwa, dole na yawaita sauya shimfiɗar akurkin in bar iska na shiga ta sama.

Baɗi zan sake saye, in fara ba su tun ranar da na ga gashin wuya ya fara zuba, in mayar da su kan na kashi 16 da zarar jela ta cika. Wanda kajinsa duk 'yan ƙasa da shekara ɗaya ne, ya ajiye kuɗinsa tukuna.