Sharhi Kan Robar Tsotso ta 'Yan Awaki: Amfaninta da Iyakarta Idan Akuya Ta Haifi Uku

Kan nono biyu ke gare akuya, saboda haka duk ranar da ta haifi uku ko huɗu, dole ne a sami wanda zai riƙa jiran layi. Galibi mai jiran shi ne mafi ƙanƙanta, wanda ya fito ba nauyi, kuma kafin ya lallaɓa ya isa hantsa 'yan'uwansa sun riga sun tsotse abin da ke ciki. Saboda irin wannan ɗan akuya ne nake amfani da robar tsotso da aka ƙera musamman don 'yan awaki da 'yan tumaki, wato siririyar jar robar nan mai murfi rawaya, wadda ake murɗawa a bakin gorar lemo ta roba. A ganina kaya ne mai kyau ƙwarai ga wanda zai ƙara wa ƙaramin ɗa nono alhali yana tare da uwarsa, sai dai akwai abubuwan da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya kai almakashi bakinta.

Abin da ya fi burge ni shi ne siffarta. Siririya ce, doguwa, mai laushi, ta yi kusa da kan nonon akuya, don haka ɗan da bai wuce kilo 2 ba yana iya naɗe ta da harshe ya tsotsa ba tare da wahala ba. Kan fidar jarirai gajere ne mai faɗi, robar 'yan maruƙa kuwa ta yi kauri da tauri, kuma raunanan 'yan awaki kan gaji da su tun ba su ƙoshi ba. A jikin murfin akwai ɗan rami da ƙaramin ƙwallon ƙarfe a ciki, wanda ke barin iska ta shiga gora yayin da madara ke fita. Wannan ne ke hana gorar lotsewa, ya kuma sa madara ta riƙa zuwa daidai ba tare da yankewa ba. Sharaɗinsa shi ne a riƙe gora ramin yana sama, domin in ya koma ƙasa madara ce za ta riƙa ɗiga a hannun mai shayarwa.

Robar tana zuwa ne bakinta a toshe, mai ita ne zai yanka, kuma a nan ne yawancin matsala ke farawa. Ɗan tsinin da ke ƙarshenta kaɗai ake cirewa, kaɗan-kaɗan, ana yi ana gwadawa. Gwajin mai sauƙi ne: a zuba madara, a kifa gora, a duba. Idan tana ɗiga ɗaya bayan ɗaya, ramin ya yi daidai. Idan kuwa tana zuba kamar an buɗe famfo, wannan robar ta tashi daga aiki ga jariri, sai dai a ajiye ta don wanda ya yi makonni. Hatsarin babban rami shi ne ɗan akuya ya ƙware, madara ta bi ta maƙogwaro ta sauka a huhu, ta haifar da ciwon huhu wanda kan kashe shi cikin 'yan kwanaki. Alamar tana bayyana nan take: zai saki roba yana tari, madara na fitowa ta hanci, numfashinsa na fitar da ƙara. Tun da abin da aka yanke ba ya komawa, ba na ba kowa shawarar ya sayi guda ɗaya tak.

Yadda ake riƙe ɗan akuya ma yana da nasa muhimmanci, kuma dalilin yana cikin halittarsa. Cikin akuya ɗaki huɗu ne, amma a makonnin farko na huɗun ne kaɗai ke narkar da madara, tumbi, wato ɗaki na farko, bai fara aiki ba tukuna. Lokacin da ɗan ke tsotso, wata 'yar hanya tana naɗewa a ciki ta wuce da madara kai tsaye zuwa ɗaki na huɗu. Idan aka ɗura masa da ƙarfi, madara na iya faɗawa tumbi ta yi tsami a can, ciki ya kumbura. Don haka a tsaye ake ba shi, ko yana kwance a kan ƙirjinsa, wuya a miƙe, kai ya ɗan ɗaga kamar yana ƙarƙashin uwarsa, ba a rigingine ba. Tsawon robar yana taimakawa a nan, domin yana ba shi damar miƙa wuya yadda ya saba. Wanda ya riga ya ɗanɗana nonon uwa yakan ƙi roba da farko, ya datse baki, ya yi ta ja da baya. Abin da nake yi shi ne in sa yatsa ta gefen bakinsa in buɗe, in zura robar a kan harshe, in rufe masa ido da tafin hannu, sannan in riƙa shafa gindin wutsiyarsa, inda uwa kan lasa idan yana shan nono. Da zarar wutsiya ta fara kaɗawa da sauri, to ya kama.

Akwai wurare biyu da wannan kaya ba ya wadatarwa shi kaɗai, kuma gara a faɗe su a fili. Na farko shi ne dakashi, wato nonon farko da uwa ke bayarwa bayan haihuwa. Ana haihuwar ɗan akuya ba tare da garkuwar jiki ba, domin mahaifar akuya ba ta barin sinadaran kariya su ratsa daga uwa zuwa ɗa, sai ta nonon farko yake samun su. Hanjinsa ya fi karɓar su a sa'o'in farko, kuma bayan kamar sa'a 24 ƙofar ta kusa rufewa gaba ɗaya. Ana so ya sha aƙalla kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinsa a ranar farko, wato mai kilo 2 ya sami mililita 200 ko fiye, a rarrabe. Robar tana da amfani wajen isar da dakashin da aka tatsa daga uwa zuwa bakin ƙaramin, amma idan madarar gari aka cika ta da ita a wannan rana, cikinsa zai cika alhali bai sami kariya ba. Wanda ya daskarar da dakashi don irin wannan rana, a ruwan ɗumi zai narkar da shi, domin zafi mai yawa yana lalata sinadaran. Na biyu shi ne ɗan da sanyi ya kama. Zafin jikin ɗan akuya mai lafiya yana kusa da digiri 39, kuma 'yan uku sun fi saurin yin sanyi saboda ƙanƙanta da kuma yadda uwa ba ta iya lashe su duka a lokaci guda. Idan aka sa yatsa a bakinsa aka ji sanyi, ko ba ya tsotsar yatsan, ba a ba shi gora. Sai an goge shi ya bushe, an ɗumama shi, idan har yanzu bai iya tsotso ba a koma ga siririn bututu da sirinji, wanda ya kamata mutum ya koya a hannun likitan dabbobi kafin ya gwada.

Abin da ake zubawa a ciki kuma, nonon akuya ne kan gaba, ko na uwar ko na wata mai lafiya. In babu, sai madarar gari da aka haɗa don 'yan awaki, a auna ta yadda aka rubuta a buhu, a ba da ita da ɗumin jiki. Sauƙin tsotson wannan roba yana da nasa tarko, domin ɗan akuya ba ya cewa ya ƙoshi, kuma mai tausayi zai yi ta ƙara masa. Cika ciki lokaci guda yana jawo zawo da kumburi, wani lokaci har da cutar hanji mai kisa farat ɗaya. Kaɗan-kaɗan, sau huɗu ko fiye a yini a kwanakin farko, ya fi aminci. Nakan taɓa kwiɓinsa bayan ya sha: idan ya cika amma da laushi, ya isa haka.

Ta fuskar ƙarko, robar ba ta daɗewa. Laushin da ya sa ta dace da jariri shi ne ke sa ta tsage a gindi, inda ta haɗu da murfi, musamman idan 'yan awakin sun yi ƙarfi sun fara fizga da tunkuɗa. Rana da ruwan zafi sosai suna sa ta yi danƙo ko ta bushe. Ƙwallon ƙarfen kan maƙale idan madara ta bushe a ramin, wani lokaci kuma ya faɗi wajen wanki, daga nan sai yoyo. Dole a wanke ta da sabulu da ruwan ɗumi bayan kowace shayarwa, a matsa ruwa ya fita ta bakin, domin madarar da ta kwana a ciki matattarar ƙwayoyin cuta ce. Haka nan ba kowace gora ce bakinta ke dacewa da murfin ba, gara a gwada da ruwa tukuna. Ga mai babban garke da marayu da yawa, riƙe gora ɗaya-ɗaya aiki ne mai cin lokaci, bokiti mai robobi da yawa ya fi masa.

Inda na fi ganin ribarta shi ne idan ba a raba ƙaramin da uwarsa ba. Yana kwana cikin ɗumin 'yan'uwansa, yana samun abin da ya samu a hantsa, yana koyon tsinkar ciyawa ta hanyar kallon uwa, gora kuma tana cike giɓin. Wasu masu kiwo sun fi son cire mafi ƙarfi su mayar da shi kan gora, su bar wa raunana nono biyun, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce, tun da ƙaƙƙarfan ya fi jure sauyi. Kowace hanya aka bi, ana ci gaba da gora har zuwa yaye, wajen mako 8 zuwa 12, lokacin da ɗan ya fara tuƙa yana cin busasshiyar ciyawa sosai. Cikin akuya kimanin kwana 150 ne, kuma ba kasafai ake sanin adadin 'ya'yan ba sai sun faɗo, don haka nakan tanadi robobi biyu ko uku tun ana saura 'yan makonni, in yanka ɗaya in gwada, sauran in bar su a toshe.