Meta Business Suite ko Buffer: wanne ya dace da mai sayar da atamfa?

Hajiya, kin ce kina sayar da atamfa da leshi a Instagram da Facebook, kina kuma tunanin buɗe TikTok, amma ɗora hotuna ɗaya bayan ɗaya yana cinye miki yini. Wasu sun ce ki ɗauki Meta Business Suite, wasu sun ce Buffer, manhajoji biyu da ke taimakawa wajen tsara ɗora kaya a shafukan sada zumunta. Na yi aiki da dukansu biyun, kuma a yadda kasuwancinki yake yanzu, na Meta nake ba ki shawara.

Mu fara da kuɗi, tunda shi ne farkon tambayar kowane ɗan kasuwa. Meta Business Suite na Meta ne, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram da WhatsApp. Ya fito a 2020 da sunan Facebook Business Suite, kuma ko sisi ba a biya sai in talla za ki saya. Buffer kuwa kamfani ne mai zaman kansa, Joel Gascoigne ya fara shi a Birmingham ta Ingila a 2010. Yana da tsarin kyauta, amma an ƙayyade shi: shafuka 3, kowane shafi hoto ko bidiyo 10 a layin jiran ɗorawa. In kina son fiye da haka, kowane shafi da nasa kuɗin, kusan dala 6 a wata. Da dala ake biya, don haka sai katinki na banki yana karɓar biyan ƙasashen waje, kuma duk ranar da naira ta faɗi sai kuɗin ya ƙaru a aljihunki.

A wajen tsara lokacin ɗora kaya, nan Buffer ya fi daɗin hannu, ba zan ɓoye miki ba. Za ki zaɓi lokuta sau ɗaya, misali takwas na safe da tara na dare, sai ki riƙa zuba hotuna a layi, shi kuma yana sakinsu bi da bi. Hoto guda zai tafi Instagram da Facebook da TikTok, har da X da LinkedIn da Pinterest in kina can. Na Meta shi ma yana da kalandar tsarawa, yana ɗora hoto da bidiyo da labarin da ke gogewa bayan awa 24, amma bai san kowa ba sai 'yan gidansu. TikTok ba ya cikin lissafinsa. Sai dai ki sani, in kina son saka sautin da ake yayi a bidiyo, Buffer tunatarwa zai aiko miki a waya, ke ce za ki shiga manhajar ki ƙarasa da hannunki.

To amma ina cinikin yake faɗawa? Ki tuna jiya kawai. Kin ɗora atamfa turmi uku, mace ta rubuta "nawa?" a ƙasan hoton, wata ta biyo ki ta saƙon sirri tana tambayar ko akwai ruwan toka, wata na son sanin kuɗin aike zuwa Gombe. Wadda ba ki amsa mata ba cikin awa guda ta riga ta saya a shafin maƙwabciyarki. Meta Business Suite yana tara saƙonnin Messenger da na Instagram da sharhin da aka yi a ƙarƙashin hotunanki a akwati ɗaya, kuma ana iya haɗa WhatsApp Business da shi. Za ki iya saita amsar da ke fita da kanta idan kina barci ko kina Kantin Kwari wajen sari, ki kuma yi wa saƙo alama don kada ki manta wadda ta ce za ta turo kuɗi da yamma. Buffer yana taimakawa wajen amsa sharhi, amma saƙonnin sirri ba sa shigowa cikinsa. A ganina wannan bambancin kaɗai ya isa ya yanke hukunci ga mai sayar da kaya ɗaiɗai.

Sai alƙaluma. Buffer daga wurin su Meta ɗin yake karɓo nasa, ya jera su da kyau, kuma cikakken rahoto sai a tsarin biya. Amfaninsa na gaske ga wanda yake riƙe wa wasu shafuka ne, wanda dole ƙarshen wata ya miƙa wa mai shago takarda. Ke kuwa daga tushe za ki gani kyauta, a sashen da ake kira Insights: garuruwan da mabiyanki suke, shekarunsu, maza ne ko mata, da lokacin da suka fi hawa intanet. Sharaɗin shi ne ki mayar da Instagram ɗinki asusun kasuwanci, ki haɗa shi da shafin Facebook.

Ina roƙon ki kada yawan kallo ya ruɗe ki, don na ga yadda yake karya wa mutane gwiwa ko ya kumbura musu kai ba gaira ba dalili. Adadin kallo yana ƙirga duk sau nawa aka gani, ko da mutum ɗaya ne ya maimaita. Adadin waɗanda hoton ya isa gare su shi ne yake ƙirga asusu, kowanne sau ɗaya. Mafi muhimmanci a wurinki su ne masu adana hoton, masu tura wa ƙawaye, da masu aiko saƙo. Amaryar da ake haɗa wa lefe ba lallai ta danna alamar so ba, adanawa take yi ta nuna wa yayarta. Ki kuma riƙa sake duba lokacin hawan mabiyanki, domin da azumi yakan koma bayan asham da wajen sahur.

Wataƙila wani zai ambaci Hootsuite, wata manhajar irin Buffer. Ya soke tsarinsa na kyauta a 2023, kuma farashinsa na kamfanoni masu ma'aikata ne. Ki bar shi tukuna.

Abin da babu ɗayansu da zai gaya miki shi ne wane hoto ya kawo kuɗi, tunda a WhatsApp ake ƙarasa ciniki, a banki ake biya. Wannan sai littafinki. Duk wadda ta saya, ki tambaye ta a ina ta ga kayan, ki rubuta kusa da kuɗin. Ki yi haka wata ɗaya da na Meta. Ranar da kika buɗe TikTok ɗin, sai ki ƙara Buffer na kyauta, tunda shafukanki uku ne cif, amma saƙonnin masu saye ki ci gaba da amsa su a akwatin Meta.