Sharhi kan kamfanin ba da shawara da ya duba masana'antarmu a Sharada

Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da kuma ƙarin kuɗin wutar rukunin Band A, wato masu samun wuta aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, masu hannun jari a ƙaramar masana'antarmu ta shinkafa da ke Sharada suka amince a ɗauko wani kamfanin ba da shawara na nan Kano, wanda aikinsa shi ne shigar da batun muhalli da ɗorewar harka cikin shawarwarin da hukumar gudanarwa ke yankewa.

Gaskiya na zaci takardu kawai za su tara mana, sai ga injiniyarsu ta sa takalmin roba ta bi kwatar da muke zubar da ruwan jiƙon shinkafa har inda ta ɓulle, sannan ta tsaya gaban tulin ɓuntun da muke biyan masu kura su kwashe, ta tambayi dalilin da ya sa muke sayen itace domin turara shinkafa alhali ga makamashi jibge a bayan gini. Babu wanda ya iya ba ta amsa.

Abin da ya fi amfanar mu shi ne ƙa'idar da suka sa muka rubuta, wato kada a amince da sayen kowace na'ura sai an lissafa abin da za ta ci na dizal, da gyara, da ruwa, da sharar da za ta bari tsawon rayuwarta. Da wannan ma'auni aka jingine sayen janareta na biyu, duk da cewa Alhajin da ya fi kowa jari ya so a saya, aka koma kan tukunyar da ke ƙona ɓuntu.

Inda suka gaza shi ne lissafin sola, domin ba su yi la'akari da ƙurar hunturu da ke rufe farantan ba, wadda ke rage wutar matuƙar ba a wanke su akai-akai. Rahoton ma da Turanci mai nauyi suka kawo shi, sai da na zauna na fassara wa dattawanmu, kuma kuɗin aikin ya yi wa ƙaramin kamfani tsada. Duk wanda zai ɗauke su, ya sa sharaɗin bayani da Hausa a cikin yarjejeniya tun kafin ya biya kason farko.