Linux, FreeBSD ko Mac: Wanne Zai Bar Ka Ka Leƙa Cikin Kwamfutarka?

Kafin ka kama hayar saba (server, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima ta intanet) ko ka sayi kwamfutar koyon aiki, akwai tambayar da ba kasafai ake yi ba: in wata manhaja ta maƙale ko ta cinye RAM, ta ina za ka ga halin da take ciki?

A nan Linux ya yi wa sauran tsare-tsaren gudanar da kwamfuta fintinkau. Yana da folda mai suna /proc, wadda fayilolin cikinta ba a kan faifai suke ba, kanel, wato zuciyar tsarin Linux, ne ke haɗa su nan take duk lokacin da ka buɗe. Kowace manhaja da ke gudana tana da lamba, kuma akwai folda mai wannan lambar a cikin /proc. Ka shiga ka karanta fayil ɗin status, za ka ga yawan RAM ɗin da ta riƙe da wanda ya tayar da ita. Fayil ɗin cmdline na nuna umarnin da aka kira ta da shi, fd kuma na lissafa duk fayilolin da ta buɗe, har da wanda aka goge amma ba ta sake shi ba, abin da kan sa faifai ya cika ka rasa dalili. Umarnin cat na karanta fayil da ls na lissafa abin da ke cikin folda sun isa, kuma ps da top, masu nuna manhajojin da ke gudana, su ma daga nan suke ɗebo bayanansu. Dabarar ta girmi Linux, don Tom Killian ne ya gabatar da ita a Unix a 1984.

Sai dai ƙofar a buɗe take da yawa. In sabar ta mutane da dama ce, kowa na iya karanta cmdline na kowa, don haka kalmar sirrin da aka rubuta a cikin umarni ta zama ta jama'a. Maganinsa hidepid ne, saitin da ke ɓoye wa kowa manhajojin wasu, wanda ya shigo da kanel 3.3 a 2012. Ka tambayi mai ba da haya ko ya kunna shi kafin ka biya.

FreeBSD na da nasa /proc mai suna procfs, amma ba ya zuwa a kunne, masu shi sun fi dogara da umarnin sysctl da procstat. Tsari ne mai tsafta, sai dai manhajar da aka rubuta don Linux za ta nemi ka ɗora mata linprocfs, mai kwaikwayon /proc na Linux. OpenBSD, ɗan'uwan FreeBSD, kuwa ya cire procfs gaba ɗaya a 2015.

Mac ba shi da /proc sam, manhajar Activity Monitor da umarnin lsof ne abin dogaro. Windows ma ba shi da /proc, amma WSL2, mai gudanar da Linux a cikin Windows, na tafe da kanel ɗin Linux na gaske, saboda haka za ka samu /proc, ko da yake manhajojin ɓangaren Linux kaɗai zai nuna.

Ga mai koyo, shawarata ita ce Debian ko Ubuntu, waɗanda nau'o'in Linux ne, ko da a kan tsohuwar kwamfuta ce. Wanda ya riga ya sayi mai Windows kada ya sake kashe kuɗi, WSL2 zai ishe shi farawa.