Adashi ko Tikitin PMU?

Matasa a Damagaram sun dame ni da tambaya: ɗan canjin da ya rage, a zuba adashi ko a buga PMU a kantin LONANI, kamfanin caca na ƙasar Nijar?

PMU dai caca ce kan tseren dawakin Faransa. Ana tara kuɗin duk masu bugawa, kamfani ya cire kasonsa, sannan a raba sauran ga waɗanda suka dace da jerin dawakin da suka zo gaba. Ke nan abin da ake rabawa kullum bai kai abin da aka zuba ba, kuma idan masu ci suka yi yawa rabon kowa ya ƙanƙance. Tikitin ba tsada, shi ya sa ake mantawa da lissafin wata. Ga kuma aya ta 90 a Suratul Ma'ida da ta haramta caca.

Adashi ba ya ƙara maka ko dala. Mutum goma, jika biyar-biyar duk mako, ran kwasarka jika 50 ce. Haɗarinsa biyu: uwar adashi marar amana, ko wanda ya kwasa ya daina zubi.

Mai son jari a kasuwar Dole ko ragon layya, adashi ne nasa. PMU kuwa sai wanda hukuncin ayar bai hau kansa ba, kuma ya yarda kuɗin tikitin sun tafi tun kafin dawaki su tashi.