Na'urar Lissafin Hauhawar Farashi ta Babban Bankin Ingila: Amfaninta da Iyakarta

A cikin adakar mahaifinmu muka tsinci takardar sayen gidan kakanmu a birnin Kano, mai ɗauke da shekarar 1960 da farashin fam 40. Ƙannena suka yi ta tambayar ko nawa ne wannan kuɗi a yau, kuma neman amsa ne ya kai ni ga na'urar lissafin hauhawar farashi da Babban Bankin Ingila ya sanya a shafinsa na intanet, wadda kowa zai iya amfani da ita kyauta, ba tare da rajista ba.

Aiki da ita ba shi da wuya. Mutum zai rubuta adadin kuɗi, ya zaɓi shekarar farko da ta ƙarshe, nan take ta nuna masa abin da zai kashe yanzu kafin ya sayi kayan da wancan kuɗi ya saya a da. Abin da ya fi burge ni shi ne nisan zangonta, domin lissafinta yana komawa har shekarar 1209, kuma daga 1988 zuwa yau ta dogara ne da alƙaluman farashin kayan masarufi na ofishin ƙididdiga na Birtaniya. Na yaba da yadda bankin ya bayyana tushen alƙalumansa a fili, domin lissafin ƙarnoni masu nisa ƙiyasi ne na masana tarihi, bai kamata a ɗauke shi daidai da na shekarun nan ba.

Wanda ke riƙe da tsohuwar takarda sai ya fara yin wani ɗan aiki. Kafin Birtaniya ta koma tsarin goma-goma (kwabo 100 a fam ɗaya) a watan Fabrairun 1971, sule 20 ne fam ɗaya, kwabo 12 kuma sule ɗaya, irin lissafin da iyayenmu suka tashi da shi tare da sisi da taro da anini. Saboda haka sule goma sai a rubuta shi rabin fam.

Da na sa fam 40 na 1960, amsar ta nuna ninki kusan ashirin, wato wajen fam 800. A wancan lokaci fam ɗin Nijeriya darajarsa ɗaya da na Ingila, don haka shigar da shi bai zama kuskure ba. Sai dai daga nan hanyoyin kuɗin biyu suka rabu. Ingila ta karya darajar fam ɗinta a 1967, Nijeriya ba ta bi ta ba, sannan ranar 1 ga Janairun 1973 naira ta maye gurbin fam a kan naira biyu kowane fam. Da kakanmu ya adana kuɗin ya canza su a ranar, naira 80 zai karɓa, wadda a yau ba ta isa burodi guda ba. Birtaniya ta sha wuya a 1975 da hauhawar farashi ta kai wajen kashi 24 cikin ɗari, amma a Nijeriya ta haura kashi 70 a 1995, kuma ta wuce kashi 34 a ƙarshen 2024. Na'urar ba ta san da wannan tarihi ba, tun da ba domin sa aka gina ta ba.

Akwai kuma wata iyaka da ta shafe mu kai tsaye. Ma'aunin yana bin farashin abinci da sutura da sufuri da makamantansu ne, ba ya bin farashin sayen gida ko fili. Idan aka canza fam 800 a kan kusan naira 2,000 kowane fam, za a sami naira miliyan ɗaya da dubu ɗari shida, kuɗin da ba zai sayi gida a cikin ganuwar Kano ba.

Ina ba malaman tarihi da ɗalibai da masu bin diddigin takardun zamanin Turawa shawarar amfani da ita. Amma ina roƙon kada kowa ya kai sakamakonta zauren rabon gado ko sasanta tsohon bashi a matsayin hujja. A irin wannan zama, mu dai dillalan unguwa muka kira suka yi wa gidan kuɗi.