Ruwan Toka da Ruwan Madara: Abin da Na Gani a Bangon Gidana

Wata huɗu ke nan da na yi wa falona fenti ruwan toka, ɗakin kwana kuma ruwan madara, dukansu na kamfani ɗaya, irin wanda ake sirkawa da ruwa kuma ba ya ƙyalli. Tokar zaɓina ce tun farko, madarar kuwa maiɗakina ce ta nace, na amince ba don raina ya so ba.

A jikin katin launuka, tokar nan mai haske ce, mai sanyaya ido, kuma ranar da aka gama shafi na biyu, da hantsi, sai da na yaba wa mai fentin. Da rana ta faɗi na kunna fitila, sai bangon ya rikiɗe ya koma shuɗi-shuɗi, tamkar farar rigar da bula ta yi wa yawa, kujeruna masu ruwan ƙasa kuma suka dusashe kamar sun shekara goma. Washegari na kira mai fentin ina zarginsa da sauya bokiti, shi kuwa bai ce uffan ba, ya ɗauko murfin ya nuna mini lambar, ita ce dai wadda na zaɓa da kaina. Ashe akwai ɗan shuɗi a cikin haɗin, ƙwayayen fitilar falon kuma farare fat ne masu 6500K (lambar da ke nuna launin hasken ƙwan fitila), su ne suke tono shi. Da na maye gurbinsu da masu 3000K, waɗanda haskensu ya karkata zuwa rawaya, shuɗin ya lafa, amma har yau idan hadari ya haɗo yakan leƙo.

Madarar da na raina ba ta ba ni wannan wahala ba, domin safe da dare kamarta ɗaya, ɗakin ma ya ƙara faɗi a ido. Har na ƙudurta mayar da falon irinta, sai na lura da yatsun yara sun yi zane kewaye da makunnin fitilar ɗakin kwanan. Na goga da jiƙaƙƙen tsumma, wurin ya yi sheƙi, ya fi dattin muni. Tokar kuwa, duk da karakainar da ake yi a falo, ba ta nuna tabo ko ɗaya ba, saboda haka na fasa.

Abin da ke ci mini rai shi ne mai sayar da fentin ya ga ina jujjuya katin da bai kai tafin hannu ba, bai ce in gwada ɗan gwangwani a bango in kwana da shi ba.